Gadar da Ba Mu Haye Ba

Shekarun baya, lokacin da Arlit ta yi tsit kamar gidan makoki, ni da abokina mun taɓa zama soja ɗaya. Ba a bariki ba, a cikin kwamfuta.

Jiya na ji 'ya'yana suna gardama a kan wani wasan harbi na waya. Wannan ya ce sabon ya fi, wancan ya ce tsohon. Shi ya tuno mini. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, rubutun nan ma da girmana na koye shi, don haka ku karɓe shi yadda ya zo.

Daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram na zo Arlit, shekarar da gero ya ƙone a tsaye. Na yi leburanci a wajen wani ɗan kwangila da ke yi wa masu haƙar ma'adini aiki. Da kasuwar yuraniyom ta faɗi aka sallame mu. Daga baya an ce ta tashi, amma ba ta tashi da mu ba. Na koma dako a tasha. In kamyo, babbar motar kaya, ya zo in sauke buhu, in bai zo ba in zauna.

Abokina Ba'abzine ne, daga wajen Gugaram. Fari ya cinye musu awaki da raƙuma, ya shigo gari neman aiki, muka haɗu a wajen ɗan kwangilar nan. A can injin niƙa dutse ya kama masa hannun hagu, aka yanke daga wuyan hannu. Shi ya ɗan yi lakwal, yana karanta Faransanci. Hausarsa kuwa ba ruwanta da mace ko namiji. Kowa "shi" ne, har mahaifiyarsa.

A bakin unguwar bukkoki akwai shagon wani dattijo mutumin Maraɗi, Kirista ne. Ran Lahadi da safe shagon a rufe yake, ran Juma'a kuma shi da kansa ke korar mu masallaci. Ya sayi tsofaffin kwamfutoci da wani ofis ya gaji da su, ya jera a kan tebur, matasa na zuwa suna wasa. Mu muna ɗebo masa ruwa, shi kuma ya bar mana ta ƙuryar shago bayan azahar, lokacin da zafi ya kori kowa. A cikinta akwai wasan yaƙi, irin wanda ba ka ganin jikinka, sai hannu da bindiga, komai na zuwa maka ta idonka.

Wasan hannu biyu yake so. Na hagu a kan maɓallai, shi ke tafiyar da sojan. Na dama a kan ɗan ɓeran nan da ake ja bisa tebur, shi ke juya fuska, shi ke harbi. Abokina ba shi da na hagu. Ni ina da duka biyun, amma hannun dako ne. In na kama ɓeran sai sojan ya yi ta kallon sama kamar mai neman watan Sallah. Mai shagon ya gaji da kallonmu, wata rana ya ce, "Ku biyun nan, in aka haɗa ku za a samu mutum guda. Ku zauna benci ɗaya."

Muka zauna. Ni a hagu ina tafiya, shi a dama yana juyi yana harbi. Daga ranar sunana ya koma Ƙafa, nasa ya koma Hannu. Mutumin da hannu ɗaya ya rage masa shi ake kira Hannu, kuma shi ya fi kowa dariyar abin.

Da farko mun sha zagin juna. "Ƙafa, ina za ka kai ni? Bango ne wannan." Ni kuma in ce, "To juya mini fuska mana, ko da ƙeya zan ga hanya?" A hankali maganar ta ragu. In gwiwarsa ta taɓa tawa, tsayawa ne. In ya ja numfashi, akwai mutum a bayan ƙofa. Har ya kai muna gama fili guda, wato mataki ɗaya na wasan, ba wanda ya ce uffan.

Wasan na farko a ƙasar Turawa ake yinsa, cikin ƙanƙara. Ku duba abin: rufin kwano, zafin bazara, zufa na ɗiga daga haɓata kan maɓallai, mu kuma muna tafe cikin farin daji, takalminmu na nutsewa. Abokina yakan ce, "Ƙafa, tsaya nan kaɗan, mu sha sanyi." Sai in tsaya. Ba abokin gaba, ba komai. Itatuwa kawai muke kallo.

Hotonsa ba shi da kyau. Fuskokin mutanen kamar da gatari aka sassaƙa su, dukansu uwa ɗaya uba ɗaya, cikin dogayen riguna masu ruwan toka. Ƙarar bindigar kamar ana soya gyaɗa a kasko. Amma wasan ba ya lallashin kowa. Ba mai nuna maka hanya, in ka ɓata ka ɓata. In aka harbe ka jininka ya ragu, haka zai zauna sai ka tsinci akwatin magani, akwatin kuwa ba ya zuwa inda kake. In ka mutu ka koma farkon filin, duk wahalar da ka sha ta tafi. Ya yi kama da rayuwar da muka sani. Shi ya sa muka yarda da shi.

Mun yi ta ci gaba har muka kai wata gada ta ƙarfe a kan daskararren kogi. Abokina ya karanta rubutun ya ce wannan ne filin ƙarshe. A nan muka maƙale. Akwai wani mai babbar bindiga a ɗaya gefen, kullum a tsakiyar gadar yake kwantar da mu. Watanni muna zuwa. Kullum in muna tashi sai abokina ya ce, "Gobe za mu haye shi."

Ana cikin haka tawaye ya sake tashi. Samari suka fara ɓacewa, sai dai ka ji an ce wane ya hau dutse, wajen 'yan tawaye. Hanyar Agadas ta koma sai da rakiyar soja, nakiya na tashi da motoci, ba ta tambayar ta soja ce ko ta farar hula. Dako ya yi wuya. Gari ya cika da zato. Sojoji na binne 'yan'uwansu, ransu a ɓace. Mai rawani kuwa ko kasuwa zai je sai ya yi tunani. A lokacin ana iya ɗaukar mutum a kan magana guda, iyalinsa su yi ta bin ƙofofi suna tambaya.

Ƙanen abokina na cikin waɗanda suka hau. Ni kaɗai ya gaya wa, muna shan shayi a bayan shagon. Ya ce, "Na ce masa ya zauna. Ya ce mini, kai da ka zauna me zaman ya ba ka? Ya dubi hannuna."

Ba a jima ba wani direba ya kawo wa mai shagon faifan wasa na biyu, ƙanen wancan. Kwamfutar tsohuwa ce, ba za ta ɗauki biyu ba, sai ya goge na farkon. Mun zo da azahar muka tarar yana murmushi.

"Baba, gadarmu fa?" in ji ni.

"Wace gada? Ku zauna ku ga abin duniya."

Faifan na farkon kuwa tuni wanda ya sa shi a kwamfutar ya tafi da abinsa Yamai. Shi ke nan. Abokina ya daɗe a tsaye, sannan ya gyara rawaninsa ya zauna.

Zan faɗi gaskiya, na biyun ya fi kyau a ido. Mutane suna da inuwa. Hayaƙi hayaƙi ne, ruwa ruwa ne. Fuskoki sun bambanta, har gumi kana gani. Ƙarar bindigar ta yi kama da ta gaske, har mai shagon ya rage sautin don kada maƙwabta su watse. Ba ka tafiya kai kaɗai kuma, kana cikin rundunar da ke ta ihu a kunnenka. Kuma ba ya gajiyar da mutum, komai da sauri yake.

Amma ya raina mu. Akwai wata kibiya a sama da ke nuna maka hanya kamar ɗan jagoran makaho. In ka mutu, nan kusa za ka tashi, kamar wanda ya yi tuntuɓe. Babban abin kuma jini. Ranar farko da aka harbe mu, gilashin kwamfutar ya yi ja, na ja mu bayan wani bango ina neman akwatin magani. Babu. Muna tsaye sai jan ya washe. Mun warke. Abokina ya ɗaga dungun hannunsa ya ce, "Ƙafa, kai ni bayan bangon nan."

Mai shagon ya yi dariya har da tari. Mu dai mun yanke hukunci: wasan yara ne. Amma ba mu da wani, sai muka ci gaba. Filayen farko a wani birni ne na bakin teku, ba wahala.

Sabon wasan ya jawo sababbin mutane. Sojoji suka fara leƙowa in sun sauka daga aiki. A cikinsu akwai wani sarjan, gajere, mai ƙarancin magana. Ba ya wasa, tsayawa yake a bayan mutane yana shan taba. An ce yaransa sun mutu a hanyar Iferwan, nakiya ta tashi da motarsu. Ban sani ba ko gaskiya ne, amma idonsa ya yi kama da haka.

Wata ranar Talata bayan la'asar mun gama birnin, sarjan da sojoji biyu suna bayanmu suna jiran benci. Gilashin ya yi baƙi, sabon fili ya buɗe.

Hamada ce. Gidajen ƙasa, rijiya, akuya ɗaure a gindin ƙaya. Kamar an ɗauko wani ƙauye na bayan Arlit an sa a kwamfuta. Can nesa, bayan ƙauyen, kibiya na nuna wani jirgi mai saukar ungulu da ke jiran mu. Sai abokan gaba suka fito daga bayan katanga. Ba Turawa masu dogayen riguna ba. Masu rawani ne, sun rufe fuska sai ido. Na gaba siriri ne, dogo, yana tafiya yana ɗan jan kafaɗa. Na san wannan tafiyar. Na sha ganinta a ƙofar gidan abokina, irin ta ƙanensa ce.

Gwiwarsa ta taɓa tawa. Na tsaya. Na saci kallon hannunsa, na ga ya ɗage yatsa daga kan ɓeran.

Aka harbe mu. Muka tashi kusa. Aka sake harbe mu.

"Kai mai rawani," in ji sarjan, "ga su nan a gabanka. Harba."

Abokina bai motsa ba.

"Ko ɓeran ne ya mutu?"

Ɗaya sojan ya yi dariya. Sarjan bai yi ba. Ya sunkuyo har ina jin warin tabarsa. Ya ce, "Ko kuwa ka san su ne?"

Mai shagon yana goge wani tebur da ba shi da datti. Na san abokina. Ba zai harba ba, ba zai kuma yi ƙarya ba. In aka sake tambayarsa zai ba da amsa, amsar kuma ita za ta fitar da shi daga shagon nan zuwa inda ba mu sani ba.

Ni ba mai dabara ba ne, kaina na ɗaukar buhu ne. Amma ranar bakina ya riga ni.

"Shef, ai mu ba ma harbi a wannan."

"Saboda me?"

"Wasan yara ne, shef. Mu da muka saba da na farkon, na ƙanƙara, abin kunya ne mu ɓata harsashi a nan. Za mu kai jirgin can ba mu harba ko ɗaya ba."

"Ƙarya kake."

"Tsaya ka gani."

"In kuka kasa fa?"

"In goya ka har bariki, shef. Ai sana'ata ce."

Sojojin biyu suka fashe da dariya. Sarjan ya miƙe ya harɗe hannu. Ni kuma na buga gwiwar abokina da tawa na ce, "Hannu, juya ni dama."

Sannan fuskarmu ta juya dama.

Na danna gudu. Harsashi na bin mu, gilashin ya yi ja, na faɗa bayan rijiya na tsuguna. Muka jira. Jan ya washe. Wannan abin da muka yi ta zagi, shi ne yanzu muke roƙon Allah ya yi. Muka sake tashi, daga rijiya zuwa katanga, daga katanga zuwa wani ɗaki. A tsakar wani gida aka kwantar da mu.

"Kun mutu," in ji sarjan.

"Harbi muka ce ba za mu yi ba, shef. Ba mu ce ba za mu mutu ba."

Muka tashi nan kusa, muka sake. Ban san sau nawa aka kashe mu ba. Abin da na sani, a wani lokaci sojojin nan sun daina kallon abokina, sun koma kallon gilashi. Ɗaya ya ce, "Bi ta cikin gidan, ɗan dako, akwai ƙofa ta baya." Ɗayan ya ce, "A'a, ta bayan akuyar." Suka kama gardama a kanmu. Muna tsugune a bayan wani buhun yashi, ina shirin tashi, sai na ji muryar sarjan a hankali: "Dakata. Jan bai washe ba."

Na dakata.

Saura lungu ɗaya a kai jirgin. Lungun siriri ne, kuma a tsakiyarsa ga dogon nan mai jan kafaɗa, a tsaye. Ba hanyar kewaya shi. Fuskarsa ta cika gilashin, idanu kawai cikin baƙin rawani. Na ji numfashin abokina. Sai ya ja ɓeran, ya sunkuyar da fuskarmu ƙasa. Yashi kawai nake gani da bakin takalmi. Na danna gaba na riƙe. Gilashin ya yi ja, ya ƙara ja, har gefe-gefe ya fara baƙi. Ban saki ba. Muka goga da shi muka wuce a makance, sai ga ƙarar jirgi ta rufe komai, rubutu ya fito.

Sojojin suka yi tafi. Ɗaya ya daki bayana har na yi tari. Suka ture mu daga bencin wai su ma za su gwada.

Sarjan bai zauna ba. Ya taka zuwa ƙofa, ya tsaya, ya ce wa mai shagon, "Baba, wannan wasan ba na garin nan ba ne yanzu. Ka mayar musu da na ƙanƙarar." Sannan ya dubi abokina. Ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Kai kuma ka dinga komawa gida da wuri." Ya fita.

Har yau ban san abin da ya sani ba. Na dai san ƙaryata ba ta da kyan da za ta ruɗi irinsa.

Muka zagaya bayan shagon. Abokina ya ɗora shayi, amma da ya zo zubawa sai ya miƙo mini. Na karɓi butar. Na ɗaga ta sama yadda yake yi, rabi ya zube a ƙasa. Ya dubi ƙasar ya dube ni ya ce, "Ƙafa dai ƙafa ne." Shi ne duk abin da muka ce a kan ranar, daga lokacin har yau.

A satin mai shagon ya goge na biyun ya sa wasan ƙwallo. Na ƙanƙarar bai samu ba. Mun gwada ƙwallon, bai karɓe mu ba, a hankali muka daina zuwa. Daga baya aka yi sulhu, ƙanen abokina ya sauko da ransa, yanzu direba ne. Mai shagon ya koma Maraɗi da tsufa ya kama shi. Inda shagon yake yanzu ana cajin waya.

To, in kun tambaye ni wanne ya fi, amsata ba ta canja ba. Na farko ya fi. Ya ɗauke mu manya, bai yi mana ƙarya a kan ciwo ba, kuma ya kai mu wata ƙasa mai nisa inda wanda muke harbi bai yi kama da kowa namu ba. Na biyun ya fi kyau, kuma kyansa ne ya kusa jawo mana masifa. Amma ba na zaginsa kamar dā. Da irin na farkon ne a gabanmu ranar, mai jinin da ba ya dawowa, da ba mu wuce rijiyar nan ba. Abin da na raina a cikinsa shi ya fitar da abokina. Tun daga lokacin nake taka-tsantsan da raini, ko na kaya ko na mutum.

Da zinariya ta ɓulla, abokina ya tafi Cibarakaten. Ba ya shiga rami, shayi yake sayar wa masu shiga. Ni ina nan Arlit, bayana ya daina ɗaukar buhu, ina gadin wani sito. Mukan yi waya in layi ya yarda.

Bara babban ɗana ya nemo mini wasan na farko, ya sa a kwamfutarsa. Da na ji ƙarar gyaɗar nan sai da na fita waje na ɗan tsaya. Ya yi ta bugawa da kansa har ya kai gadar, ya ce, "Baba, zo in haye maka, ka ga ƙarshen." Na ce ya bar ta. Na kira abokina na gaya masa.

Ina jin hayaniyar masu shayi a bayansa. Sannan ya ce, "Mai babbar bindigar yana nan?"

Na ce yana nan.

Ya ce, "To ka ajiye shi. Kada ka haye shi ba ni."

Tana nan a ajiye. Ya ce zai zo bayan Sallah. Na riga na gyara bencin.